Ƙanena Ya Faɗo a Gidan Surukinsa

Ƙanena manomi ne a wani ƙauye bayan Manchok. Na girme shi da shekara tara. Shi bai taɓa yin wata guda a wajen ƙasarmu ba, ni kuwa aikin jirgin ƙasa ya kai ni Inugu da Fatakwal da Ibadan da Maiduguri, da na ajiye aiki kuma na bi motocin citta har Garwa da Kumasi kafin ƙafata ta gaji na zauna a Kafanchan. Saboda haka a gidanmu, in abu ya shafi takarda ko asibiti ni ake nema, in ya shafi gona ko sulhu tsakanin mutane shi ake nema. Dattijo ne a ikilisiyarsu, shi ke tsayawa a gaba ranar Lahadi ya karanta sanarwa.

A ranin da abin ya faru, surukinsa, wato mahaifin matarsa, ya kira gayya domin a sauke masa rufin ciyawa a ɗora kwano. Tsohon ya haura tamanin. Ƙanena kansa yana neman sittin, yana da jikoki, amma a wurinmu wannan ba ya sauke wa mutum komai. In ka shiga gidan da ka ɗauko mata, kai ne farkon hawa tsani, kai ne ƙarshen saukowa. Ba ka cewa ka gaji. Ba ka tambayar inda bayan gida yake. Abin da tsoho ya miƙo maka a ƙwarya kuwa, sai ka ga gindinta.

Ba na wurin. Abin da zan faɗa shi ya ba ni, kaɗan-kaɗan, cikin watannin da suka biyo baya.

Wajen tsakar rana ya taka wani katako da kafinta ya ɗora bai riga ya buga wa ƙusa ba. Katakon ya goce, shi kuma ya zurmo. Bai kai ƙasa ba. Akwai wata azara da aka gitta a ƙasa da inda yake, a kanta ya sauka, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can. Samarin da ke saman ginin suka kwashe da dariya, kamar yadda maza suke yi a ko'ina in ɗan'uwansu ya bugu a wannan wuri. Shi ma ya yi dariyar. Ya ce mini duniya ta yi masa fari fat, amma ya ga surukinsa zaune a gindin mangwaro yana kallo, sai ya miƙe ya ci gaba da miƙa ƙusoshi.

Da aka tashi aiki aka kawo tuwon acca da miyar karkashi. Tsohon ya kira shi, ya miƙa masa ƙwaryar kunu da hannunsa. Ya shanye. Tsohon ya sa aka sake cikawa. Ya shanye. Sannan ya hau bayan mashin, a kan hanyar nan tamu mai duwatsu, har gida.

Da yamma ya zagaya, ba abin da ya fito sai ɗigon jini. Ya gaya wa matarsa rabin gaskiya, ya ce fitsari ne ya ƙi. Mu kuma abin da muka sani game da fitsarin da ya ƙi shi ne a tura masa ruwa. Ta dafa ganyen gwanda, ya sha. Wata maƙwabciya ta kawo jiƙon tsamiya da kanwa, ya sha. Duk abin da suka zuba ya tafi ya taru a inda ba shi da ƙofa.

Washegari Asabar ce, ranar da na saba zuwa gaishe su. Na tarar da shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, ƙafafu a buɗe, gumi na tsattsafo masa tun rana ba ta yi zafi ba.

"Yaya, sannu da zuwa."

"Lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau. Gajiyar gayya ce. Tsufa ya fara leƙowa."

Matarsa ta kawo mini kujera da ruwa. Shekara talatin da wani abu ke nan da aurensu, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci ina kallo ba. Baba take ce mini, domin ni ne a madadin mahaifinsu. Mace irin wannan ba za ta buɗe baki ta yi wa wan mijinta maganar abin da ke ƙasan cibiyar mijin ba, ko da wuta ce ta kama wurin. Ta shiga ɗaki, ta fito da bahon wanki, ta dire shi daidai ƙafata.

"Baba, bari in ajiye wannan a nan. Rana ta fi bugawa a nan."

Inuwa ce a wurin. Na duba bahon. Wandon aikinsa ne a sama, an juya shi baibai, an shimfiɗa hantsarsa yadda ido ba zai kauce ba. Jini ya bushe a gaba. Ta tsaya tana gyara ɗankwali har ta tabbata na gani, sannan ta koma madafa.

Na taɓa ganin irin wannan. A Inugu, ina saurayi, wani mai haɗa taragu ya zame ya sauka a kan ƙarfe kamar yadda ƙanena ya sauka a kan azara. Bambancin shi ne wancan mutumin ya sanar da tashar gaba ɗaya, da Ibo da Turanci, ainihin inda ya bugu da abin da yake tsoron ya rasa. A lokacin kunya ta kama ni a madadinsa. Amma cikin awa guda yana asibiti, ni ina cikin waɗanda suka ɗauke shi, kuma a can na koyi abu biyu da suka zauna mini: in jini ya fito ta gaban namiji bayan faɗuwa, ba a ɗura masa ruwa, ba a kuma cusa masa komai.

Na ce wa ƙanena mu shiga ciki. Da ƙyar ya tashi. A ɗaki na rasa bakin da zan tambaye shi. A yarenmu kalmomin wurin ko dai na zagi ne ko na yara. Hausarmu kuwa a majami'a muka fi goge ta, ba ta saba da irin wannan aiki ba. Sai na koma Turancin kasuwa, wanda ba uwar kowa ce ta yi masa tarbiyya da shi ba. Ya amsa mini da shi, yana kallon bango. Na taɓa mararsa, ta yi tauri kamar an kifa ƙwarya a ƙarƙashin fata. Matsematsinsa ya kumbura ya yi baƙi.

Muna cikin haka sai ga mai kemis na ƙauyen, maƙwabciyar nan ce ta aika aka kira shi. Mutumin kirki ne, ya taimaki mutane da yawa a wurin. Ya zaro wata roba doguwa daga jaka.

"Baba, minti biyar ne. Ina sa wa tsofaffi kullum."

"Ka taɓa sa wa wanda ya faɗo?"

"Ai fitsari fitsari ne, Baba."

"Ɗana, mayar da ita jaka. In kana son taimako, je ka roƙo mana motar fasto."

Ya ɗan ɓata rai, amma ya tafi, kuma shi ya riƙe kan ƙanena har Kafanchan.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta kai 'yar autata a shekaru ba. Da ta buɗe baki na ji 'yar ƙasarmu ce. Ƙanena ya dube ni kamar ni na shirya masa wannan. Ita kuwa ko a jikinta.

"Baba, tun yaushe?"

"Jiya da rana."

"Me aka ba ka?"

Matarsa ta lissafa daga bakin ƙofa, tun daga kunu. Likita ta rufe ido ta buɗe.

"Mama, saura rijiya kawai ba ku juye masa ba. An sa masa wani abu ta gaba?"

"Ba a sa ba."

"To, mun gode wa Ubangiji da wannan."

Ta yi mana bayani a kan bayan wata takarda. Ga mafitsara, ga bututun da ke ɗauko fitsari zuwa waje. Bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙashi. Da ya faɗo, azara ta matse shi da ƙashin, ya tsage. In an cusa roba a makance, sai ta bi ta tsagin ta ƙarasa abin da ya rage. Abin da za ta yi yanzu shi ne ta huda ƙaramar ƙofa a ƙasan cibiya, ta sa robar kai tsaye cikin mafitsara, a bar hanyar da ta ji ciwo ta huta.

Ba a daɗe ba aka turo shi. Jaka na rataye a gefen gado, ta cika an juye, tana sake cika. Fuskarsa ta saki kamar ta jariri da ya ƙoshi. Likita ta ce sai an jira wata uku ciwon ya lafa ya zama tabo, sannan a ɗauki hoto, sannan a tafi babban asibiti a Jos, inda masu wannan aiki za su yanke tabon su haɗa baki da baki. Kafin nan duk wata za a sauya roba, kuma ya riƙa shan ruwa da yawa.

"Ɗazu kin yi faɗa don na sha," in ji shi. "Yanzu kin ce in sha."

"Ɗazu ba ƙofa, Baba. Yanzu akwai."

Na ɗauka mun wuce wurin wahala. Ashe nan ta fara.

Da aka sallame shi ya ce ba zai koma ƙauye ba, zai ɗan huta a gidana. Na ba shi ɗakin baya. Mako ya wuce, biyu suka wuce, ko tsakar gida ba ya fitowa sai in ya tabbatar ba kowa. Mutanen ikilisiyarsu suka cika mota suka zo, matan zumunta da kayan miya da kaji, ya ce in gaya musu yana barci. Suka yi addu'a a zaure, suka rera waƙa ɗaya a hankali don kada su tashe shi, suka tafi. Yana zaune a bayan ƙofa yana jin su. Abin da aka sani a ƙauye shi ne ya bugu a ƙugu.

Sai ya ɓullo da wata dabara. Ya lura in ya rage ruwa jaka ba ta cika da wuri, ba ya kuma jin ta tana motsi a jikin ƙafarsa. Ya riƙa juye ruwan da ake kawo masa ta taga. Ban gane ba sai da na ga wata ciyawa ta yi kore shar a gindin tagar, ita kaɗai a tsakiyar rani. Kafin in yi magana zazzaɓi ya riga ni. Kwana huɗu muka sake yi a asibiti, likitar ta wanke shi tas da faɗa, cikin ladabi, tana Baba tana ƙarawa.

Da muka dawo ne ya gaya mini ba zai je Jos ba.

"Me ya sa?"

"Na ji yadda ake yi a can. Ɗalibai ne za su kewaye ka, maza da mata, kowa da biro. An kwance mini wando sau ɗaya, ya isa."

"To haka za ka zauna da roba?"

"Har Ubangiji ya kira ni."

"A ɗakina na baya?"

"In ka gaji da ni ka faɗa."

Na kawo masa duk abin da na gani a duniya. Na ce a Ibadan na kwanta asibiti kusa da wani attajiri da aka yi wa irin wannan aiki, matansa da 'ya'yansa suna tattauna fitsarinsa da ƙarfi kamar farashin doya, ba wanda ya rage masa girma. Na ce a Kumasi na san wani mai shago da ke zama da jakarsa a fili yana ba da canji. Na ce Fulanin da na sani a Garwa kaɗai ne suka kai mu haɗiye ciwo, kuma na halarci jana'izar wani a cikinsu da bai kamata ya mutu ba.

Ya bari na gama.

"Yaya, kai komai Ibadan, komai Kumasi. Ni ba a Kumasi zan tsaya in karanta sanarwa ba. A gaban matan 'ya'yana zan tsaya."

Gaskiya ya faɗa. Mutanen da na lissafa baƙi ne a wurinsa. Daga baya na fahimci akwai wani tsoron a ƙarƙashin wannan, wanda bai iya furtawa ko da Turancin kasuwa. Yana tsoron a yanka shi ya farka ba namiji ba, ko a yi aikin ya ƙi, ya zama ba sauran abin jira. Muddin bai je ba, bai ji amsar ba.

An ɗauki hoton, an ba mu rana a Jos. Saura kwana goma sha biyu. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsun Kagoro, mutane suna gyaran gona. Matarsa tana kai da kawowa tsakanin ƙauye da Kafanchan, ta rame.

Wata Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai wata mota ta tsaya, aka sauke wani tsoho da sanda, cikin babbar riga mai ruwan toka. Sai da ya matso na gane shi. Surukin ƙanena ne. A wurinmu suruki ba ya zuwa, zuwa ake yi wurinsa. Tun ranar aure bai taɓa taka gidan mijin 'yarsa ba, balle gidan wansa.

'Yarsa ta fito ta durƙusa.

"Ina yake?"

"Baba, yana barci."

"To zan jira shi a ciki."

Ya wuce kai tsaye kamar ya san gidan. Ƙanena ya ji muryar, ya yi ƙoƙarin durƙusawa da jawo zane ya rufe jakar a lokaci guda, ya kusa kifawa. Tsohon ya zauna a kan kujera ɗaya da ke ɗakin, ya ɗauki lokaci yana maida numfashi. Ya dubi 'yarsa.

"Je ki dafa mini ruwan zafi. Kada ki yi sauri."

Na juya zan bi ta.

"Kai zauna. An ce ka yi yawo, ka ga abubuwa. Zo ka ga na gida."

Ya jingine sanda. Ya kama gefen babbar rigar ya naɗe, ya ja ƙafar wando sama a hankali. A cinyarsa ta hagu, an ɗaure da ƙyallen atamfa, ga jaka nan, irin ta ƙanena sak, da ɗan ruwa a ciki.

Wata kaza tana kuka a waje.

"Shekara biyu ke nan," in ji shi. "Ciwon tsofaffi ne, naman nan da ke kumbura ya toshe hanya. Wanda ya sani: ni, da nas ɗin da ke sauya mini, da Allah. Yau da ku biyu mun zama biyar."

"Baba," in ji ƙanena.

"Duk wata nakan ce zan zo Kafanchan gaida wani abokina. Abokin ya mutu tun tuni, ba wanda ya lura. Da ita na zauna a bikin jikata tun safe har yamma. Da ita nake zuwa majami'a cin jibin Ubangiji. Da ita na zauna a gindin mangwaro ranar da ka faɗo."

"Wa ya gaya maka, Baba?"

"Wa zai gaya mini? Matarka? Ni na rene ta, na san ba za ta iya ba. A asibiti na gan ta watan jiya, tana layi, ta riƙe sabuwar jaka a cikin baƙar leda. Na san wannan ledar. Sai da na ɓuya a bayan ginshiƙi kamar ɓarawon akuya har ta wuce."

Dariya ta kufce mini. Tsohon bai yi ba. Ya sauke idonsa ƙasa.

"Na ga faɗuwarka. Idona ya mutu amma bai kai nan ba. Na san inda ka bugu. Na so in tambaye ka, ban san ta inda ake farawa ba. Ubana bai taɓa tambayar mijin 'yarsa irin wannan ba. Sai na ba ka kunu. Da na ga ka shanye, na ce a ƙara, don ka san na gani." Ya girgiza kai. "Ni da na san abin da ruwa ke yi wa mutumin da hanyarsa ta toshe."

Ƙanena ya sa tafin hannu ya rufe fuska.

"Yanzu an ce mini ba ka son zuwa Jos. Wannan kam nas ce ta faɗa mini, na matsa mata. Ni nawa ba ya gyaruwa. Sun auna zuciyata sun ce ba za ta ɗauki aiki ba, da wannan za a binne ni. Kai an ce naka yana gyaruwa, ka ce ba ka so. To mu yi musaya. Ba ni ranarka, in ba ka tawa."

"Baba, ba haka ba ne."

"Yaya ne? Kunya? Ta wa? Ga ni nan, ni ne wanda ka fi jin kunya a duniya. Ka ga tawa. Buɗe in ga taka."

Na ga abubuwa a tafiye-tafiyena, amma ban taɓa ganin suruki da mijin 'yarsa sun zauna suna gwada jakar fitsari ba. Tsohon ya duba yadda ƙanena ya rataye tasa, ya yi tsaki.

"Wa ya koya maka wannan? Shi ya sa take lilo. A nan ake ɗaurewa, sama da gwiwa, ɗauri biyu. Kada ka ɗaure da igiyar roba, tana cin fata. Atamfa tsohuwa ta fi. Kuma ka bar wando mai ɗamewa, ku 'yan zamani."

"Ba ta wari, Baba?"

"In kana shan ruwa ba ta yi. Ka taɓa jin warina?"

"A'a."

"To."

Da 'yarsa ta dawo da ruwan zafi, riguna sun sauka, suna maganar irin masarar da za a shuka bana. Ta dubi mahaifinta, ta dubi mijinta, ta ajiye kofi ta fita. Ban sani ba ko ta taɓa sanin abin da ya gudana a ɗakin. Ni dai ban faɗa ba sai yau, kuma sai da na nemi izinin tsohon. Ya ce in rubuta, ai ba sunansa a jiki, kuma wataƙila akwai wani wawan a wani ɗakin baya.

Ranar Lahadin da ta biyo, ƙanena ya ari babbar rigata ya tafi ƙauye. Ya dawo da yamma ya ce ya karanta sanarwa, guda bakwai, har da ta gyaran rijiya, ba wanda ya dubi ƙafarsa.

A Jos an kwantar da shi a ɗakin da kowa ke da irin damuwarsa. Yawancinsu matasa ne masu haya da mashin, waɗanda mota ta buge ƙashin ƙugu ya karye ya yanki hanyar fitsari. Akwai wani magini da ya faɗo a kan shebur, da wani Bayarabe da ya zurma kwalbati. Da yare biyar ake hira a ɗakin, kuma duk maganar ɗaya ce: naka ya fito, nawa bai fito ba. Ɗaliban da yake tsoro sun zo, maza da mata, kowa da biro. Ya rufe ido a rana ta farko. A rana ta uku na same shi yana koya wa wani matashi ɗan Kachia yadda ake ɗauri biyu sama da gwiwa.

Kafin a shiga da shi, ya riƙe hannun babban likitan ya yi masa tambayar da ya kasa yi mini. Likitan bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya ce inda ciwon yake wuri ne mai sauƙi in an gwada da na waɗancan matasan, yana sa rai sosai, sauran kuma sai an gani. Aikin ya ci rabin yini. Ni da matarsa muka zauna a benci ɗaya, ita a wancan ƙarshe, ni a wannan, tana motsa baki cikin addu'a.

Ya fito da roba biyu, ta cikinsa a ƙasan cibiya da ta gaba. Muka koma Kafanchan, muka yi mako uku, muka sake hawowa. Aka sake hoto, aka ce ɗinki ya kama. Nas ta zare ta gaba, ta toshe ta ciki, ta dire masa gorar ruwa babba.

"Baba, shanye. In ya matsa ka, ga ƙofar bayan gida can."

Ya sha. Muka zauna. Ya yi maganar taki, ya yi maganar wata akuya da ta ɓata. Can ya tashi, ya tafi kamar mai shiga wurin alƙali. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Na daɗe ban ji komai ba. Sai na ji ɗigo, ya tsaya, ya sake ɗigowa. Sannan na ji ƙarar ruwa a kan tangaran, tana tafiya ba yankewa, ƙara ce da na ji sau dubbai a rayuwata ban taɓa saurarenta ba.

Ya fito idonsa jawur.

"Yaya, me kake yi a nan? Ba ka da aiki ne?"

Bayan kwana biyu aka cire ta cikin ma, aka rufe ƙofar da auduga. Sun ce ya riƙa dawowa ana dubawa, domin tabo yakan so ya sake matsewa, in ya ga ƙarfin ya ragu kada ya jira. Ya ce ba zai jira ba, na kuma yarda da shi.

Motar haya muka shigo zuwa gida, mu uku a baya da wata tsohuwa mai kwandon tumatir. Ya sayi ruwa gora biyu a tasha yana ta kurɓa. Muna gama gangaren Hawan Kibo ya ce direba ya tsaya. Direba ya tsaya. Ba mu kai Gidan Waya ba ya sake taɓa kafaɗarsa.

"Baba, yanzu fa muka tsaya."

"Na sani, ɗana. Tsaya dai."

"Ciwon suga ne da kai?"

"Lafiya ce da ni."

Direba ya gangara gefen titi yana gunaguni. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, wasu mutane suna huɗa a can nesa. Ƙanena ya sauka, ya shiga cikin sabuwar ciyawa ba tare da sauri ba, ya zaɓi wata bishiya, ya ba mu baya. Tsohuwar ta gyara kwandonta a cinya. Direba ya kashe mota, muka jira shi.